Zaɓen ƙwararriyar ungozoma a Jos

Ungozoma ita ce mai kula da mace tun daga awon ciki har naƙuda, haihuwa da farkon jego. Iri biyu ake da su. Akwai ta gargajiya, galibi dattijuwar unguwa, wadda akan kira bayan an sauka ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Akwai kuma ta asibiti, wadda ta yi karatu aka ba ta lasisi. Ta biyun ce likitoci ke nufi da ƙwararriya.

A Najeriya, hukumar kula da aikin nas da ungozoma (NMCN) mai hedikwata a Abuja, wadda aka kafa da dokar 1979, ita ke yi wa ungozomomi rajista. Karatun kai tsaye shekara 3 ne, nas mai rajista kuwa wata 18 take ƙarawa. A jihar Filato akwai makarantar horar da su a Vom. Farin kaya ba shaida ba ne: a ƙananan asibitocin kuɗi ana samun mataimakan da suka koyi aiki da gani kawai, ana kiransu nas. Ba rashin kunya ba ne miji ko mai cikin ta nemi ganin lasisin da bai ƙare ba.

Wurin awo ake fara gane hannu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Wannan yakan ci karo da kunyar cikin fari, inda amarya ke ɓoyewa sai ciki ya fito, kuma jinkirin yana da tsada. Ƙwararriya takan auna hawan jini a kowane zuwa, ta duba fitsari da yawan jini, ta yi gwajin ƙanjamau, ta ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta rubuta komai a kati. Hawan jini da ya kai 140 bisa 90 ba ta kallonsa ta wuce, domin shi ke iya kaiwa ga jijjiga. Halinta ma abin lura ne. Mace da yawa ta gwammace haihuwar gida saboda tsawar da ta sha a ɗakin haihuwa, don haka wadda ke saurara ta yi bayani da Hausa ta fi riƙe mai ciki har ƙarshe.

Babban ma'aunin dai shi ne ta san iyakarta. Ungozoma ba ta yin tiyata. Idan jini ya ɓalle, ko naƙuda ta wuce awa 12, ko yaro ya kwanta a gicciye, aikinta ta tura nan take. Saboda haka ake tambayarta tun da wuri: wane asibiti take turawa, kuma tana ajiye allurar oksitosin a firij don tsayar da jini? A Jos manyan wuraren su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, Asibitin Ƙwararru na jihar Filato, da asibitin Bingham da aka fi sani da Jankwano. A Jankwano ne ake gyaran yoyon fitsari, lalurar da galibi doguwar naƙuda ke jawowa.

Nisa ma yana cikin lissafi. Mai zaune a Anguwan Rogo ko Rikkos da ta Bukuru ba hanyarsu ɗaya ba, naƙuda kuma takan zo da dare. Ana so miji ya tanadi mota, kuɗi da ɗan'uwan da zai ba da jini, ya kuma bar izinin fita ko ba ya gida. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyaye ta tafi da katin awonta, ta nemi ungozoma a can kafin wata ya kama.