Gyaran Fitilar Mota da Ta Dusashe

Dusashewar fitilar mota ita ce lalacewar murfin fitilun gaba, inda yake yin hazo-hazo ko ya koma ruwan ɗorawa, har hasken ƙwan ya kasa ratsa shi sosai. Ko da yake ana kiran murfin da gilashi, a yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau roba ce mai ƙarfi da ake kira folikabonet, wadda aka ƙirƙiro a 1953. Ba ta da nauyi, kuma ba ta saurin fashewa, amma ba ta jure rana. Shi ya sa kamfanoni ke shafa mata wani siririn rufi mai tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke lalata roba. Idan rufin nan ya cinye, sai saman robar ya fara ƙonewa. A ƙasashe masu zafin rana da ƙurar hunturu abin ya fi sauri, musamman in ana goge fitilar da busasshen tsumma, domin ƙurar karce ta take yi.

Ba ƙaramar matsala ba ce ga mai tuƙin dare. Binciken da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar a 2018 ya nuna cewa fitilar da ta dusashe tana ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa, gyara kuma yana mayar da shi kusan kashi 70.

Aikin a gida ba ya buƙatar injin. Ana wanke fitilar da sabulu, a liƙa tef a kewayenta don kare fentin mota, sannan a goge ta da jiƙaƙƙiyar samfefa, ana yi ana yayyafa ruwa. Ana farawa da mai kaushi, lamba 600 ko 800, a koma 1000, sai 2000, a ƙare da 3000, kuma duk lokacin da aka sauya samfefa ana sauya yadda hannu ke bi, in da a tsaye ake gugar sai a koma a kwance. Da farko ruwan da ke gangarowa rawaya ne, daga baya ya koma fari kamar madara, alamar an cire mataccen saman. A wannan matakin fitilar takan fi da muni, to bai kamata a tsorata ba: man goge fenti da ƙyalle mai laushi ne ke fito da ƙyallinta.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne mafi muhimmanci. Dole a share fitilar da sifirit, a shafa mata sabon rufi mai tare UV, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta sake dusashewa, tunda an kankare abin da ke kare ta. Wasu kan goge fitila da man goge baki ko maganin sauro. Man goge baki yana ɗan haskaka ta, amma hasken ba ya daɗewa. Maganin sauro mai sinadarin DEET kuwa narkar da robar yake yi.

Idan raɓa ce ta taru a ciki, ko murfin ya tsage, guga ba za ta yi magani ba, sai dai a toshe inda ruwa ke shiga ko a sauya fitilar.