Wai su wa ake ƙirgawa in an ce "rashin aikin yi"?

Tun watan Agustan 2023 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoto cewa rashin aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari ake ta jan maganar nan a gidajen rediyo, ɗan gwamnati ya ce kun gani an samar da ayyuka, ɗan adawa ya ce ƙarya aka shirga. Wallahi duka biyun ɓata min rai suke, don ba mai tsayawa ya duba me aka ƙirga.

Wannan hukumar dai ce ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 ne. Ba buɗe masana'antu a Sharaɗa ko Kakuri ne ya sauko da shi ba, ma'aunin aka canja. A da in baka samu aikin awa 20 a sati ba, marar aiki kake a lissafi. Yanzu an koma tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, in kayi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce aka biya ka ko ka samu riba, shikenan kana da aiki.

Toh ɗauki saurayin da ya gama NCE shekara uku kenan yana zaune a majalisar unguwa, ranar Talata mota ta kawo siminti aka kira shi ya taya saukewa, aka miƙa masa ɗan abin da ya ci abinci ya sa kati, sauran kwana shidan kuma ko sisi bai gani ba, mahaifiyarsa ce ma ke turo masa tuwo da daddare. In ma'aikacin ƙididdiga ya zo gidansu ranar Juma'a, a layin masu aiki zai rubuta shi. Ƙanwarsa kuma da ta gaji da kai takardu ofis-ofis ta haƙura ta zauna, ita ma bata cikin marasa aiki, saboda sharaɗin shi ne kana nema kuma a shirye kake ka fara. Gida guda, mutum biyu a cikin wahala, babu ko ɗaya a cikin kashi 4.1 ɗin nan.

Abinda mutane basa lura da shi kenan, zama ba aiki sai mai madogara. A Ingila gwamnati na ba wanda ya rasa aiki kuɗin tallafi har ya samu wani, shi yasa alƙalumansu ke da ma'ana. A nan talaka in bai fita ba ba'a ɗora tukunya, dole ya yi tura baro ko talla ko ga-ruwa. Shi yasa a rahotannin NBS ɗin masu ilimi mai zurfi ne suka fi yawan rashin aiki, su ne ke da wanda zai riƙe su suna jira.

Ni ban ce ma'aunin ILO ƙarya bane, yana da amfani in za'a gwada mu da wasu ƙasashe. Amma mai tsara manufar ƙwadago ya buɗe shafi na gaba mana, a rahoton ne dai aka nuna sama da kashi 90 na masu aikin suna cikin aikin da ba rajista, ba fansho, ba inshorar lafiya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum ranar samunsa ya tsaya. Kuma hukumar ce dai a 2022 ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Wannan ne ya kamata ɗan jarida ya tambayi duk wanda ya zo masa da 4.1 a bakinsa.