Homon ɗin mata ga mai sauya jinsi: me yake canzawa a jiki, me ba ya taɓawa?

Wane irin magani ne ake bayarwa?

Ga wanda aka haifa namiji yake son jikinsa ya koma irin na mace, galibi magunguna biyu ake haɗawa. Na farko shi ne estradiol, irin homon (sinadarin da ke sarrafa girma da siffar jiki) da jikin mace ke samarwa tun daga balaga. Akwai na haɗiya, akwai allura, akwai man shafawa, akwai kuma filastar da ake mannawa a fata. Na biyu aikinsa danne testosteron, homon ɗin da ke kawo gemu da kaurin jiki. A Amurka an fi ba da spironolactone, a ƙasashen Turai da dama cyproterone acetate, a Birtaniya kuma ana yawan amfani da allurar da ke hana maraina samar da testosteron ɗin tun daga tushe. Likitoci kan bi ƙa'idojin da Endocrine Society, ƙungiyar likitocin homon, ta fitar a 2017 da na WPATH, ƙungiyar ƙwararru kan lafiyar masu sauya jinsi ta duniya, na 2022.

Yaushe ake fara ganin canji?

Ba da wuri ba, kuma a nan ne mutane da yawa kan karaya. Abin da ke fara sauyawa, cikin wata 1 zuwa 3, shi ne sha'awa: takan ragu, miƙewar gaba haka kawai ma takan ja baya. Daga wata 3 zuwa 6 fata kan fara laushi, maiƙonta ya ragu, kitse ya soma komawa ƙugu da cinyoyi, ƙarfin damtse ya sauka. Wanda ya saba ɗaukar jarkar ruwa da hannu ɗaya zai ji ta ƙara masa nauyi. A wannan lokacin ne kuma nono ke fara tsirowa: wani ɗan ƙullutu mai tauri ƙarƙashin kan nonon, mai zafi ko da riga ce ta goge shi, kamar yadda 'yan mata ke ji a farkon balaga. Cikar girmansa kan kai shekara 2 zuwa 3.

Girman ma sau da yawa bai kai yadda aka yi zato ba. Wani bincike da likitocin Amsterdam suka jagoranta, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa bayan shekara guda kusan rabin waɗanda aka auna nononsu ƙarami ne sosai. Gado da shekaru da yanayin jiki su ke yanke wannan hukunci.

To idan aka ƙara yawan maganin, ba zai yi sauri ba?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar da hankali, domin a kanta ake cutuwa. Sauri kan haifi nawa. Jiki yana da iyakar abin da zai karɓa, abin da ya wuce nan haɗari kawai yake ƙarawa. Likita na neman estradiol ya tsaya tsakanin 100 zuwa 200 pg/mL a jini, testosteron kuma ya sauka ƙasa da 50 ng/dL, wato daidai da na mace baliga. Shi ya sa ake gwajin jini duk bayan wata 3 a shekarar farko, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara.

Murya da gemu fa?

Muryar da ta riga ta buɗe a balaga ba ta komawa siririya saboda homon, sai dai horon murya ko tiyata. Tsayi, faɗin kafaɗa da ƙashin fuska duk suna nan yadda suke. Gashin jiki kan yi laushi ya rage saurin fitowa daga wata 6 zuwa 12, amma gemu da gashin baki suna da taurin kai, yawanci sai an bi su da na'urar leza ko ta lantarki. Sanƙo kan tsaya inda ya kai, ba lallai gashin da ya zube ya dawo ba.

Idan aka daina, komai zai koma yadda yake?

Laushin fata, rabon kitse da ƙarfin jiki kan koma sannu a hankali. Nonon da ya fito ba ya komawa sai da tiyata. Batun haihuwa ya fi nauyi: maraina kan ƙanƙance, maniyyi ya ragu ko ya ɗauke, kuma babu likitan da zai yi alkawarin dawowarsa. Saboda haka ake ba mai son haihuwa nan gaba shawarar ya adana maniyyinsa a asibiti kafin ya fara. Duk da haka maganin ba na hana haihuwa ba ne, mai shan sa na iya yi wa mace ciki, kuma ba ya kare kowa daga cutar ƙanjamau.

Waɗanne haɗurra ne ke tattare da shi?

Babba cikinsu daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudansa kan iya tafiya ya toshe huhu. Shan taba da ƙiba da yawan shekaru suna ƙara wannan haɗari, shi ya sa aka fi ba wanda ya haura 40 zuwa 45 filasta ko man shafawa maimakon na haɗiya. Spironolactone na sa yawan fitsari da jiri, yana kuma iya ɗaga sinadarin fotasiyam har ya taɓa bugun zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda. Cyproterone na iya taɓa hanta, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita ba da adadi mai yawa nasa saboda alaƙarsa da wani ƙari a fatar ƙwaƙwalwa. Wasu kan ji hawaye sun matso kusa, wasu kan ce hankalinsu ya kwanta, mai fama da ciwon damuwa kuma na buƙatar a sa masa ido.

Wasu na sayen ƙwayoyin tsarin iyali a kemis su sha. Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne ko kusa. A Najeriya tsoron tsangwama da na doka kan hana mutum tunkarar likita, sai ya koma ga abin da ke da sauƙin samu. Yawancin waɗannan ƙwayoyi na ɗauke da ethinylestradiol, wani kwaikwayon homon ɗin mata, wanda likitocin wannan fanni suka daina bayarwa tun da aka ga yadda yake daskarar da jini fiye da estradiol, kuma gwajin jinin da aka saba yi ba ya nuna yawansa. Duk wanda ke shan wani homon, ko daga ina ya samo shi, ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe masa, ko ƙirji na ciwo, ko ɓarin jiki ya mutu, ya tafi asibiti a wannan sa'ar, ya tafi da kwalin maganin a hannunsa ya nuna wa likita.