Taswirar kwamfuta a tsarin sufurin Arewacin Kamaru da Chadi

Tsarin bayanan taswira, wanda ake taƙaitawa GIS, ko SIG a ofisoshin da ke aiki da Faransanci, hanya ce ta adana bayani a kwamfuta tare da ainihin wurin da bayanin ya shafa. Roger Tomlinson ne ya kafa irinsa na farko a Kanada a shekarun 1960. A yau an fi amfani da manhajar ArcGIS ta kamfanin Esri da QGIS, wadda kyauta ce.

A harkar sufuri, hanya kan fito a matsayin layi, gada ko tasha ko ma'aunin manyan motoci kuwa ɗigo. Kowane layi yana ɗauke da bayaninsa: tsawo, kwalta ce ko birji, yawan motoci, shekarar da aka yi gyara. Sai a ɗora taswirar koguna da ta ƙauyuka da kasuwanni a kai, a ga inda suka haɗu.

Chadi ba ta da teku. Yawancin kayanta daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru suke fitowa, wasu ta jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, inda dogo ya tsaya tun 1974. Daga nan tireloli ke ɗauka, ko su bi Garwa da Marwa da Mora zuwa Kuseri su haye gadar Ngeli a kan kogin Logon su shiga Injamena, ko su ratsa Tuboro zuwa Mundu a kudancin Chadi. Idan hanya ɗaya ta yanke, taswirar kan nuna nisan da za a ƙara ta ɗayar.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan yanki shi ne lokaci. Hanyar da ake bi lafiya da rani kan zama taɓo da damina, musamman a fadamar Logon mai baƙar laka, kuma akan rufe hanyoyin birji da shinge bayan ruwan sama. Taswirar da ba ta bambance rani da damina ba, amfaninta kaɗan ne ga direba. Shi ya sa ake haɗa ta da hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda ke nuna iyakar ambaliya irin ta 2022.

Bayanan kan fito daga hukumomin ayyuka da na'urar GPS da OpenStreetMap, taswirar 'yan sa-kai da aka fara a 2004. Hanyoyin 'yan babur da na garken shanu, duk da yawan masu bin su, ba kasafai suke shiga rajistar hukuma ba, sai an aika mutum ya bi su da ƙafarsa.