Tauraron Deneb

Deneb ƙaton tauraro ne mai farin haske da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma shi ne mafi haske a rukunin taurarin Cygnus da ke arewacin samaniya. Masana falaki suna kiransa Alpha Cygni. A jerin taurarin da suka fi haske da dare, shi ne na 19. Shi da taurarin Vega da Altair suna tashi da siffar alwatika, amma kusancin nasu na ido ne kawai. Altair yana nisan shekarar haske 17 daga Duniya, Vega 25, shi kuwa Deneb nisansa ya kai aƙalla 1,400. Shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda, wajen kilomita tiriliyan 9.5.

Nisan nan shi ne ƙashin bayan duk wani lissafi a kan Deneb, kuma har yau masana ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Hanyar da aka saba bi ita ce a auna ɗan gocewar da tauraro ke yi a ido yayin da Duniya ke kewaya Rana. Gocewar Deneb ƙanƙanuwa ce ainun, ga shi haskensa yana cika na'urorin awo. Bayanan tauraron ɗan'adam Hipparcos, wanda Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ta harba a 1989, da aka sake tace su a 2007 sun ba da wajen shekarar haske 1,400. Masu ganin cewa Deneb ɗan gungun taurarin Cygnus OB7 ne kuwa suna kai shi 2,600.

Bambancin ba ƙarami ba ne. In an ɗauki gajeren nisan, haskensa ya ninka na Rana sau 55,000, faɗinsa kuma sau ɗari da ɗoriya. In dogon ne, hasken ya kusa ninki 200,000, faɗin ya zarce ninki 200. Da a gurbin Rana yake da wannan girma, da gefensa ya kusa taɓo hanyar da Duniya ke bi.

Zafin fuskarsa ya fi sauƙin tantancewa, domin launin hasken ne ke faɗa: kimanin digiri 8,500 a ma'aunin Kelvin, alhali na Rana bai wuce 5,800 ba. A tsarin da masana ke rarraba taurari bisa zafi da haske, ajinsa A2 Ia ne, wato ƙaton tauraro mai farin haske sosai. Nauyinsa ya kai kamar Rana 19.

Haskensa ba ya zama daram. Fuskarsa tana motsi, wani sashe na kumbura yayin da wani ke lotsawa, sai hasken ya riƙa hawa da sauka kaɗan-kaɗan ba bisa tsayayyen lokaci ba. Da sunansa na Alpha Cygni ake kiran duk taurarin da ke da wannan ɗabi'a. Yana kuma zubar da wani ɓangare na jikinsa ta hanyar iska mai ƙarfi da ke fita daga gare shi.

Deneb ya riga ya cinye haidurojin da ke tsakiyarsa, wato iskar gas ɗin da ke zama makamashin tauraro, abin da ya sa ya kumbura ya huce. Masana sun rabu a kan ko yana kan hanyar zama jan ƙaton tauraro ne, ko ya taɓa zama ya dawo. Ko wanne ne, tauraro mai irin nauyinsa ana sa ran tsakiyarsa za ta rufta, ya tarwatse nan da 'yan miliyoyin shekaru.