Ma'anar "ƙona kuzari a lokacin hutu" da alaƙarsa da ƙiba a jikin mace

A tsakanin matan Agege da Idi-Araba a Legas ana yawan jin mace ta ce jikinta ba ya ƙona abinci, ko ruwa ta sha sai ta ƙara ƙiba, kuma masu tallar shayin rage teɓa a WhatsApp sun kama wannan magana suna cewa kayansu na "tayar da metabolizim". Metabolizim shi ne dukkan aikin da jiki ke yi wajen mayar da abinci ya zama kuzari. Kaso mafi girma na wannan aiki, wato kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke kashewa a yini, yana tafiya ne ko da yana kwance bai motsa ba, domin zuciya na bugawa, huhu na numfashi, hanta da ƙoda na tace jini. Wannan shi ake kira ƙona kuzari a lokacin hutu, kuma ana auna shi da kalori, wato ma'aunin kuzari, da safe kafin a karya kumallo, ta hanyar lissafa iskar da mutum ke shaƙa da wadda yake fitarwa.

Sassan jiki ba ɗaya suke ba wajen cin kuzari. Kilo ɗaya na zuciya ko ƙoda yana ƙona kalori kusan 440 a yini, na ƙwaƙwalwa 240, na hanta 200, na tsoka 13, na kitse kuwa bai kai 5 ba. Daga nan ne bambancin mace da namiji ya samo asali, domin a halitta jikin mace ya fi na namiji kitse, nasa kuma ya fi nata tsoka, saboda haka ko nauyinsu ɗaya, nata ƙonewar takan yi ƙasa da tasa.

Sai dai inda mutane da yawa suka yi kuskure shi ne zaton cewa mace mai ƙiba ta fi siririya ƙarancin ƙona kuzari. Akasin haka ne. Idan jiki ya ƙaru ba kitse kaɗai ke ƙaruwa ba, tsokar da ke ɗaukar nauyin da gaɓoɓin ciki su ma suna ƙaruwa. Bisa ƙa'idar lissafi ta Mifflin da St Jeor ta shekarar 1990, mace mai shekara 40 da tsawon santimita 160, idan nauyinta kilo 60 ne, tana ƙona kalori kusan 1,240 a yini tana hutawa, idan kuwa kilo 90 ne, wanda ya haura maki 30 a ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsawo, iyakar ƙiba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, tana ƙona kusan 1,540. Abin da ke raguwa shi ne ƙonewar kowane kilo guda, tunda kitse ne ya fi yawa a cikin ƙarin.

Abin da ya fi damuna shi ne matan da ke horar da kansu da yunwa. Idan nauyi ya sauka da gaggawa tsoka na zubewa tare da kitse, ƙonewar hutu ta ragu, sai mace ta koma cin abincinta na da, nauyin ya dawo cikin sauƙi, ta ɗora wa kanta laifi. Shekaru ma ba su ne masu laifin da ake zato ba, domin wani babban bincike da mujallar Science ta wallafa a 2021 ya nuna cewa, idan aka yi la'akari da girman jiki, ƙona kuzari ba ya sauyawa sosai tsakanin shekara 20 da 60. Matar da ke wuni zaune a shago, sannan ta shafe sa'o'i cikin motar haya ta danfo a cunkoson Legas, motsinta ne ya ragu. Wadda kuwa ƙibarta ta zo da kasala, jin sanyi da rikicewar al'ada, ya dace ta je asibiti a gwada jininta, domin raunin tayirod, wato ƙullin gaban wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo, yana rage ƙona kuzari da gaske, kuma ya fi kama mata.