Umarar cikin waya da Umarar ƙafa: tambayoyin masu zuwa karon farko

Da watan Rajab ya kama, waya sai ta cika da bidiyon Makka da Madina. Ga wata Hajiya ta yaye labulen ɗaki, Ka'aba na can ƙasanta. Ga wani saurayi cikin harami yana ɗawafi shi kaɗai, kamar an ba shi aron masallacin. A ƙarƙashin bidiyon kuma akwai farashi da lambar waya. Da wannan hoton mutane da yawa suke sauka Jidda, kuma kafin kwana biyu sai ka ji ana cewa "ashe haka abin yake?" Ga tambayoyin da masu niyya suka fi yi, da amsoshinsu.

Wato dai bidiyoyin nan ƙarya ne?

Yawancinsu gaskiya ne, yanka su aka yi. Mai bidiyo ya nuna maka daƙiƙa 20, ya zubar da awa uku da ya yi kafin ya kai wurin. Ba wanda yake ɗora bidiyon layin lifta, ko na neman takalmin da ya ɓata, ko na askari yana ɗaga hannu yana cewa an rufe wannan ƙofa a zagaya.

Akwai kuma tsofaffin hotuna da suka ƙi mutuwa. A watan Maris na 2020, lokacin korona, Saudiyya ta dakatar da Umara, aka ga filin ɗawafi fayau ba kowa sai masu shara. Har yau ana ɗauko hotunan wancan lokaci a lika musu tallar kamfani. Wasu kuma da hantsi ake ɗaukar su, lokacin da rana ta kori mutane zuwa masauki. Ka kuma tambayi kanka wa ya biya wa mai bidiyon kuɗin jirgi. Idan kamfanin da yake yabo ne, to talla kake kallo, ko da ya haɗa da hawaye.

An ce mini otal ɗinmu minti biyar ne zuwa Harami. In yarda?

Wannan ce maganar da ta fi kowace jawo rigima tsakanin matafiya da ejan. Minti biyar zuwa ina? Masallacin Harami ya faɗaɗa ƙwarai, musamman bayan ginin ɓangaren Sarki Abdullah. Daga bakin farfajiya zuwa inda idonka zai sauka kan Ka'aba tafiya ce mai zaman kanta, kuma a lokacin cunkoso tana iya cin minti 15 ko fiye. Ejan yakan auna daga ƙofar otal zuwa farkon farfajiya, da ƙafar saurayi, a lokacin da ba jama'a.

Sannan Makka gari ne na duwatsu. Otal a Ajyad na iya zama kusa a taswira, amma dawowa hawa ce, kuma da azumi a baki. Misfala da titin Ibrahim Khalil, inda mutanenmu suka fi sauka, shimfiɗe suke, sai dai titin yana da tsawo, kuma wanda ke farkonsa da wanda ke ƙarshensa duk "Ibrahim Khalil" za a rubuta musu a takarda. Wanda aka sauke a Aziziyya ko Kudai kuwa da bas zai riƙa zuwa, bas ɗin kuma yana da tasha, daga tasha a taka.

Ɗakin nan mai kallon Ka'aba yana nan, a dogayen benen Abrajul Bait mai agogo da makwabtansa. Kuɗinsa ne daban, kuma a goman ƙarshe na Ramadan yakan ninka sau da yawa. A cikin benen ma ba kowane ɗaki ne ke kallon Ka'aba ba.

Kafin ka biya ko kwabo, a rubuta maka sunan otal ɗin. Ka sa shi a Google Maps, ka auna tafiyar ƙafa zuwa Ƙofar Sarki Abdul'aziz ko ta Sarki Fahad. Ka tambayi mutum nawa ne a ɗaki. Idan aka ce maka "otal kaza ko makamancinsa", ka sa a ranka cewa makamancin za a ba ka. Ka kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar alhazai ta NAHCON.

Zan samu in sumbaci Hajarul Aswad kamar yadda nake gani?

Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Mafi yawan masu Umara suna dawowa gida ba su taɓa dutsen ba, kuma Umararsu ta cika. Sumbatarsa sunna ce, ture Musulmi da take masa ƙafa kuwa haramun ne. Ya tabbata Annabi (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi yana nuni zuwa ga dutsen, don haka nuni da hannu da kabbara ya isar. A wannan kusurwa ƙarti ne ke kokawa, sai ka ga mutum ya fito mayafinsa a hannu yana haki. Kada ka kai mahaifiyarka can don hoto.

Ita ibadar kanta, wahalarta ta kai yaya?

Nan ne bidiyo ya fi yaudarar tsofaffi. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai, ka ga ya haura kilomita uku ke nan, ba takalmi, a kan dutsen marmara mai sanyi da tauri. Kafin nan ka yi ɗawafi zagaye bakwai. Idan ƙasa ta cika aka tura ka bene, kowane zagaye yana tsawaita sosai, domin da'irar sama ta fi ta ƙasa faɗi nesa ba kusa ba. A 'yan shekarun nan ma akan keɓe filin ƙasa ga masu Umara, namijin da ba ya cikin harami sai ya hau sama.

Ka haɗa da cewa mutum ya kwana a filin jirgin Kano ko Abuja, ya yi awanni a sama, ya bi layin shige da fice, ya yi tafiyar kusan kilomita 80 daga Jidda, sannan ya fara. Akwai kekunan tura marasa ƙarfi da masu lantarki na haya, kuma ba abin kunya ba ne. Shawarar da ta fi amfani ita ce a fara tattaki a gida wata guda kafin tafiya, kullum bayan Asuba.

Rauda fa? Na ga mutane suna zaune a ciki suna karatu a natse.

Rauda ƙaramin wuri ne tsakanin ɗakin Annabi (SAW) da mumbarinsa, tsawonsa bai wuce mita 22 ba, ga miliyoyin masu so. Yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk, maza da lokacinsu, mata da nasu. Gurbi yakan ƙare da wuri, kuma wanda ya samu, mintuna kaɗan ake ba shi kafin a ce a tashi. Ka sauke manhajar tun kana gida, da bizarka ta fito ka yi rajista. Wanda ya bari sai ya isa Madina ya fara neman wanda zai danna masa, sau da yawa sallama daga waje kawai yake samu.

Wata 'yar uwata ta je a 2022 ta ce guzuri kaɗan ya ishe ta.

Lissafinta ya mutu. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya, tun 1986. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ko da yake a kasuwar canji ta fi haka. A farkon 2024 ta haura 1,500. Shayi da burodin Makka ba su canja sosai ba, nairar ce ta faɗi. Duk bidiyon da ke faɗin farashi, ka duba ranar da aka ɗora shi.

Ka kuma ware kuɗin abin da ba a sa a talla: tasi, layin waya, aski, wanki, da abinci idan shinkafar otal ta gundure ka. A nan 'yan uwanmu Hausawa mazauna can suke ceton mutane, domin a lungunan Misfala ana samun tuwo da miyar kuka.

Zafin da ake faɗa, har da ƙari?

Babu ƙari. A Hajjin 2024, cikin watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. Da yawa daga cikinsu da bizar ziyara suka shiga, irin wadda ake tallatawa da araha, suka rasa tanti da motar da za ta ɗauke su. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, da sauƙi, amma mai zuwa tsakanin Mayu da Satumba ya nemi lema. Tari da mura kuma kusan kowa na dawowa da su, shi ya sa alhazai ke cewa raƙumi kaɗai ke tsira.

Jirgin ƙasan nan mai gudu yana cikin kuɗinmu?

Sai in an rubuta. Jirgin Haramain ya fara aiki a 2018, yana cin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin kusan awa biyu da rabi. Yawancin tafiyar rukuni da bas ake yi, awa biyar zuwa shida. Jirgin ma yana da iyaka kan kaya, ba zai ɗauki manyan jakunkunan tsaraba uku ba.

Zamzam nawa zan iya tahowa da shi?

Galan ɗaya mai lita 5, wanda aka rufe aka sa a kwali, a filin jirgi ake saye, kuma ba a yarda a cusa wani cikin akwati ba. Wasu kamfanonin jirgi ma sai daga baya suke kawo shi. Kafin ka yi wa dangi, makwabta da 'yan masallacin unguwa alkawari, ka tanadi ƙananan kofuna.